Yadda na wanke ajiyar abokina da tsamiya

Shekarun baya, lokacin muna zaune a unguwar Mansur a Makka, abokina zai tashi daga tsohon gidansu na unguwar Tandabawi, sai ya kawo mini ajiyar wasu ƙarafa biyu naɗe cikin bargo. Na buɗe na ga ganyaye masu ruwan zinariya sun murɗe sun hau kan juna, da siffar katantanwa a ƙasa, gefen dama bai yi kama da na hagu ba. Ya ce aikin Faransa ne, sun girmi kakanninmu, a gaban murhun jin ɗumi ake ajiye su. Wani attajiri da mahaifinsa ya daɗe yana yi wa tuƙi ne ya ba mahaifin nasa.

Na ce, "Jin ɗumi a Makka?"

Ya ce, "Ya akhi, kai dai riƙe. Su kaɗai Abba ya bar mini."

Ni kuwa Allah ya zuba mini karambani. Na ga duk lungun ganyen ya yi duhu, na ce kayan mutane ba za su bar gidana da dauɗa ba. Na jiƙa tsamiya, na samo toka da soson waya, yadda ake wanke farantin tagulla a gidanmu. Mahaifiyata ta leƙo ta ce, "Kai, an sa ka?" Na ce, "Umma, tsaya ki ga aiki."

Aiki kuwa ta gani. Ashe zinariyar shafi ce a kan tagulla, ba ta kai kaurin ɓawon albasa ba. Kafin in ankara na ƙanƙare ɗaya tas, ya koma ja. Kwana tara ina haɗa ƙaryar da zan yi, babu wadda ta zauna.

Da ya zo na jera masa su, na faɗi gaskiya. Ya daɗe yana shafa wanda ban taɓa ba. Can ya ce, "Ko ƙura Abba ba ya yarda a goge sai da auduga." Ya naɗe mai kyaun, ya tura mini ɗayan. "Halas, shi ke nan. Wanda ka wanke naka ne."

Har yau muna zumunci, bai sake tayar da maganar ba. Ni ne ban huce da kaina ba. A da ina ganin riƙon amana shi ne ka mayar da abu ya fi yadda aka ba ka. Ashe bai roƙe ni gyara ba, riƙo kawai ya roƙa. Ƙarfen yana nan a ɗakina, kuma har yanzu na kasa tambayarsa ko kyauta ya yi mini, ko kuwa kallonsa ne ba zai iya ba.