Ramin da Aka Ce Kada a Cike

Ba-Tsaga ake ce masa, har matarsa ma in ta so tsokana haka take kiransa. Magini ne tun yana saurayi, yanzu kuwa gemu ya yi fari fat. Sunan ya samo shi ne daga aiki: in ya haɗa bango da bango, ko allura ba za ka cusa a tsakani ba. Ba shi da mota, ba shi da gona, wannan sunan shi ne duk abin da ya tara a duniya, kuma shi ke sa 'yan kwangila su zo har ƙofar gida nemansa.

Abu ɗaya ne mutanen gari ba su sani ba. A gidansa, inda sabon ɗakin da ya ƙara ya haɗu da tsohon, akwai wata tsaga a bayan kabad. Duk shekara sai ya cike ta, duk shekara sai ta dawo, kamar mai bin sa da gaba.

To, sai aka ɗauke shi shugaban magina a ginin wata makaranta mai bene, ɓangare biyu, dogo da gajere. Injiniyar wurin mace ce, sa'ar 'yarsa ta fari. Ta nuna masa zane ta ce, "Baba, nan tsakanin ɓangarorin za a bar fili kamar faɗin tafin hannu, tun daga ƙasa har sama. Kada a haɗa."

Ya ce to. A ransa kuwa cewa ya yi, kayya, yarinya ta yi kuskure a zane, kunya ta hana ta faɗa. Ya gina kamar yadda aka ce, amma kullum ya wuce ramin nan sai ya kau da kai. Masu wucewa a titi za su gani fa, su ce aikin Ba-Tsaga ne! Ranar da Injiniya ta tafi duba wani aikin, ya sa aka kwaɓa siminti mai ƙarfi, ya cike ramin da hannunsa, ya shafe da filasta sumul. Shi a ganinsa asirinta ya rufa.

Da ta dawo ta tsaya tana kallon bangon, ta dafe kai. "Innalillahi! Baba, ina ramina?"

"Na gyara miki, 'yata. Ba wanda zai ji."

Ba ta yi faɗa ba, wanda hakan ya fi damunsa. Ta kai shi gindin tebur, ta jera kwalabe biyu, doguwa da gajera, suna taɓa juna, ta girgiza teburin. Suka yi ƙarau ƙarau. Ta raba su kaɗan ta sake girgizawa, kowacce ta yi rangajinta shiru.

"Dokar gini ce, Baba. In ƙasa ta girgiza, ba daga sama nauyi ke zuwa ba, daga gefe yake turo gini. Dogon gini da gajere ba sa lilo tare. In an manne su, sai su dinga dukan juna har su farfashe, ga yara a ciki."

"Gini ya yi lilo?"

"Dole ya yi, kaɗan. Wanda ya ƙi lanƙwasa shi ke karyewa."

"Yaushe ƙasar za ta girgiza?"

"Wataƙila ba a zamaninmu ba. Wataƙila gobe."

Nan kan Ba-Tsaga ya ɗaure tamau. Shi dai abin da ya sani, ƙasa ita ce ba ta motsi, da ita ake auna komai. In ita ma ba ta da tabbas, to shi duk shekarun nan a kan me yake saita bulo? Kuma wai ana lissafin abin da ba wanda ya san ranar zuwansa. Ikon Allah!

Leburori suka ɗauko guduma za su fasa, ya ce ba wanda zai taɓa. Shi ya hau, ya fasa aikinsa da kansa, simintin nan kuwa ya kama kamar dutse, don ba ya aikin wasa. Hannunsa ya yi kanta a kan kanta. Ya gyara bakin ramin ya miƙe sak, har kana hango sararin sama ta ciki.

Injiniya ta zura hannu, ta yi murmushi. "Wallahi Baba, ban taɓa ganin tsaga mai kyan wannan ba."

Leburori suka kwashe da dariya. Shi kuwa ya rasa yabo ne ko zagi, ya dai ce na gode.

Da ya koma gida matarsa ta tare shi da cewa, "Malam, mutuniyarka ta bayan kabad fa ta dawo. Ina shara na gan ta."

Ya ja kabad gefe, ya kwaɓa siminti a tsohon kwano, ya ɗebo a cokalin gini, ya durƙusa. Ga dogon ɗaki, ga gajere, ga tsaga a tsakani, jikokinsa kuma a gajeren suke kwana. Ya kai hannu, ya janye. Ya sake kaiwa.

"Ka cike mana, me kake jira?"

"Ban sani ba," in ji shi. "Wallahi ban sani ba ko ɓaraka ce, ko ita ke riƙe da mu."

Yana nan durƙushe har simintin ya bushe a kan cokalin.