Waƙar Dakan Gwaggo

Waƙar da ta sa aka san ni ba tawa ba ce. Gwaggona ke rera ta in tana dakan gero a garinmu Hawandawaki. Na kai ta sutudiyo a Maradi, muka ɗora mata jita da lallausar murya irin ta mawaƙan Amirka. A rediyo na ce ni na tsara ta.

Da na je gida da salla, gwaggo ta fara rerawa a bakin turmi, sai wata yarinya ta ƙyalƙyale da dariya: "Haba gwaggo, kin ɓata waƙar yaya!" Ni take nufi.

Gwaggo ta dube ni tana jira. Na sunkuyar da kai ina latsa salula. Har ta rasu ba ta sake rera ta ba.