Rahmatu Mai Duban Faci

Da an idar da sallar asuba, Malama Rahmatu takan hura wuta, ta ɗora ruwan koko, sannan ta shiga ɗan ɗakin da ke jikin zauren gidansu na Kalgo. Kwamfuta biyu ne a ɗakin. Ɗaya sabuwa ce, a kanta take karanta saƙonnin da suka taru tana barci. Ɗayar tsohuwa ce, ba ta da batir, wayarta a bango take. Takan yi aiki a kansu har rana ta fito, ta sallami yara, ta wuce makarantar da take kula wa da na'urori. Ranar Juma'a ita da mijinta Basharu su hau mota zuwa Gwandu gaida mahaifiyarsa, Inna Azumi. Haka take fiye da shekara goma. Yawancin maƙwabtanta ba su san abin da take yi a ɗakin nan ba.

Ga abin da take yi. Akwai wata manhaja ta ajiyar bayanai da asibitoci da makarantu da ofisoshi ke zuba bayanansu a ciki. Rumbu ne mai ɗakuna, kowane ɗaki ɗaure da ɗan'uwansa. Sunan uwa ɗaure da na ɗanta, na ɗan ɗaure da allurar da aka yi masa. In ka ja ɗaya, sauran su biyo. Rumbun nan ba na kamfani ba ne. Aikin gayya ne. Mutane daga ƙasashe da yawa suke gina shi, kowa yana iya ɗauka ya yi amfani da shi kyauta, kowa yana iya buɗe cikinsa ya gani. Wanda ya hango ɓaraka, ko ya ga inda za a ƙara inganci, sai ya rubuta gyara ya aika zauren intanet da suke musayar saƙo. Gyaran nan shi suke kira faci.

Amma ba a liƙa faci don mai shi ya ce ya yi. Sai wani ya ɗauka ya duba, ya gwada, ya faɗa a gaban kowa ko ya yi ko bai yi ba. Daga nan 'yan ƙalilan masu riƙe da mabuɗi su shigar da shi. Masu rubuta faci suna da yawa, don sunansu ne ke fita. Masu dubawa kaɗan ne. Rahmatu tana cikinsu.

Gwajinta ɗaya ne aka san ta da shi. Takan ɗora facin a tsohuwar kwamfutar, ta sa rumbun ya shiga rubutu gadan-gadan, yana tsakiyar aiki ta fizge wayar daga bango. Ta mayar, ta kunna, ta duba ko wani abu ya ɓace. Ta sake. Ta sake. Abokan aikinta na ƙasashen da wuta ba ta cika ɗaukewa ba suna da nasu hanyoyin gwaji, amma in faci ya taɓa wannan ɓangare sukan ce a jira Rahmatu. Maƙwabciyarta Zulai ta taɓa leƙawa ta same ta a haka.

"Ke kuwa Maman Ilham, masu wuta sun bar miki wuta yau, ke kuma kina ɗauke wa kanki?"

"Gara in ɗauke ta nan," in ji Rahmatu, "da a ɗauke ta wani asibiti ba ni kusa."

Ke ce mai ja da baya ki duba, Rahmatu. Ke ce ba a yi wa gaggawa. Ba a biya ki ba, ba ki kuwa yi aikin kamar wadda ba a biya ba.

Basharu yana da ƙane, Muzzammil. Rahmatu ce ta fara nuna masa zauren masu faci yana jami'a. Tsakaninsu akwai wasan matar wa da ƙanen miji, kuma sun iya shi. In ya shigo gidan tun daga zaure ake jin muryarsa.

"Ina matata? An aje min tuwo ko an ba wancan tsohon duka?"

"Miji ba cefane? Wuce ka wanke hannu, ƙanzo na nan."

Muzzammil yana da kai. Ya shafe watanni yana rubuta wani faci da zai sa rumbun ya riƙa rubutu da sauri. Mutanen zaure suka yaba. Wani kamfani na waje ya gani, ya ce masa in facin ya shiga sabuwar fitowar manhajar ta wannan shekara, za su ɗauke shi aiki yana zaune a gida. Labari ya kai Gwandu. Inna Azumi ta yi sadakar masa a ƙofar gida. Ita dai abin da ta riƙe shi ne autanta ya kusa samun abin yi, ya yi aure, ta ga ɗakinsa kafin ta bar duniya.

Zauren yana da ranar rufe ƙofa. Facin da bai shiga kafin ranar ba, sai wata shekara. Ranar ta matso, masu dubawa duk hannunsu cike. Rahmatu ta ɗauki facin. Kafin ta taɓa shi ta rubuta wa zaure cewa mai facin ƙanen mijinta ne, wanda bai yarda da dubanta ba ya sake dubawa. Suka ce ta ci gaba.

Ta fizge waya, ba komai. Ta yi ta fizgewa kwana da kwanaki, ba komai. Sai wata safiya ta kunna ta tarar rabin rubutu ya zauna, rabi ya tafi. Rumbun ya nuna an yi allura, bai nuna yaron da aka yi wa ba. Bai kuma yi kukan cewa wani abu ya lalace ba. Ta bi sawu har ta gano yadda za ta sa abin ya sake faruwa da gangan. Sannan ta kira Muzzammil, ta nuna masa ya gani da idonsa.

Ya san gyaran ba zai yiwu kafin rufe ƙofa ba, ita ma ta sani.

"Anti, wanga abu sai wuta ta ɗauke daidai ƙiftawar ido. Sau nawa za a yi haka?"

"Kai da ka girma Gwandu kake tambayata sau nawa wuta ke ɗaukewa?"

"To ji. Ban ce ki yi ƙarya ba. Ki ce aiki ya yi miki yawa, ki saki facin. Wani ya duba. In ya shiga, na yi miki alkawari ni da kaina zan gyara bayan Salla."

"Kafin Salla mutum nawa za su ɗora shi? Ka san su? Ni ban san su ba."

"Ke fa kika koya min aikin nan."

"Shi ya sa."

Bai ci abinci ba ya fita.

Ranar Juma'a Inna Azumi ta sa aka kira ta ɗaki. Rahmatu ta durƙusa bakin ƙofa, kanta a ƙasa. Basharu yana tsaye a waje, ya kasa shiga, ya kasa tafiya. Matan gidan suna tsakar gida, kowace ta sami abin da take yi da hannu don kunnenta ya samu.

"Ɗiyar nan, mi yaron ga ya yi miki?"

"Bai yi min komai ba, Inna."

"An ce kalma guda ake jira ga bakinki. Turawa sun yarda, ke ta gida kin ƙi. Ko kuwa ke kaɗai kike so a sani can?"

"Ki yi haƙuri, Inna."

"Haƙuri ba amsa ba ne. Za ki yi, ko ba ki yi?"

Suruka ba ta musu da uwar miji. Rahmatu ba ta yi musu ba. Ta ce a yi haƙuri, ta sake cewa a yi haƙuri, har Inna ta juya mata baya. A mota Basharu ya ce mata, a hankali, ko akwai wata hanya. Ta ce in da akwai, da ta riga shi nemo ta.

Washegari ta rubuta wa zaure. Ta ce facin yana da kyau, saurin da ya kawo gaskiya ne. Ta ce yana zubar da rabin rubutu in wuta ta yanke a wuri kaza, ga yadda kowa zai gwada ya gani. Ta ce bai isa shiga ba tukuna. Wasu biyu suka gwada, suka ga abin da ta gani. Aka rufe ƙofa babu facin. Kamfanin ya ɗauki wani.

Abin da ya biyo baya mutanen unguwarmu sun gani. Muzzammil ya daina wasa da ita. In sun haɗu sai "ina wuni" a bushe, kamar baƙi a tasha. Mata suka sa mata suna mai baƙin ciki. A gidan biki in ta zauna sai hira ta canza. Duk da haka ba ta fasa zuwa Juma'a ba. Takan durƙusa ta gaida Inna, a amsa mata da kalma ɗaya, ta tashi ta shiga madafa ta kama aiki.

A zaure kuwa facin yana nan ajiye. Al'adarsu, in mai faci ya yi shiru ya daɗe, wani yana iya ɗauka ya ƙarasa. Wani mutum daga wata ƙasa mai sanyi ya hango inda matsalar take, ya ce zai karɓa. Rahmatu ta roƙe shi ya rubuta shawararsa ya bari. Ta ce mai shi zai dawo. Ba ta da tabbacin haka. Muzzammil ko saƙonta ba ya buɗewa a lokacin.

Sai bayan an yi girbin shinkafa ya dawo, bai ce wa kowa komai ba. Ya ɗauki shawarar mutumin, ya sake gini, ya aika. Rahmatu ta gwada, ta mayar masa. Ya gyara, ta sake mayar masa, a gaban kowa, da dalili. A karo na gaba ta rubuta cewa ta fizge waya iya fizgewa, rumbun bai zubar da komai ba. Facin ya shiga fitowar shekara ta gaba. Aikin kamfani dai ya tafi, bai dawo ba. Muzzammil koyarwa yake yi yanzu a Kalgo. Ya koma cin tuwo a gidan wansa, amma bai taɓa zama ya warware wa mahaifiyarsa yadda abin ya kasance ba. Kunya ta hana shi. Sunan da aka sa wa Rahmatu ya ci gaba da binta.

Bana idonta ya fara ba ta wahala. Likita ya ce ta rage kallon kwamfuta in tana son ta tsira da sauran ganinta. Ta rubuta wa zaure sallama a taƙaice, ta bar musu bayanin yadda take gwajinta dalla-dalla don wani ya ɗora. Amsoshi suka yi ta zuwa daga mutanen da ba su taɓa ganin fuskarta ba. Basharu ne yake karanta mata.

A Gwandu kuwa wata magana ta tashi. Ranar sunan jikar Inna, gida cike, wata daga cikin dangi ta ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Hakki dai ba ya barci. Wanda ya toshe wa yaro hanya, ga shi nan ido na toshewa."

Rahmatu tana rabon waina, ba ta ɗago ba. Muzzammil yana shigowa da tabarmi ya ji. Ya ajiye su. Ya wuce gaban mahaifiyarsa ya durƙusa, cikin mata, abin da namiji ba ya yi ranar suna.

"Inna, ki gafarce ni, na bar magana ta yi tsawo. Aikina ne bai yi ba. Na gani da idona tun ranar. Na roƙe ta ta rufe min, ta ƙi. Da ta yarda, da an ɗora shi a asibitoci yana ɓatar da sunayen yara, da sunana a kai. Wasu sun so su karɓe aikin, ita ta hana. In akwai mai hakki wajen wani, ita ke da shi wajena."

Inna Azumi ta dube shi, ta dubi wadda ta yi maganar. Tsohuwa ce mai girman kai, ba ta ba da haƙuri ba, ba wanda ya sa ran za ta bayar. Ta dai matsa gefe a kan tabarmarta, ta buga wurin da tafin hannu.

"Rahmatu, aje tiren nan, hayaƙi na ɓata miki ido. Zo zauna nan."

Ta zo ta zauna.

Mun gode, Rahmatu ta Basharu. Ke ce kika ɗauki fushin gidanku don mutanen da ba za su taɓa sanin sunanki ba. Ke ce kika ƙi facin, ba ki ƙi mai facin ba. Allah ya ba ki lafiyar ido, ya sa aikin ya bi ki da lada.

Ku kuma 'yan boko na Gwandu da Kalgo, masu kwamfuta a jaka, zauren nan a buɗe yake, kuma ya rasa mai dubawa guda. Ku shiga. In an ba ku aikin wani ku duba, ku duba shi da gaske. In bai yi ba, ku ce bai yi ba, ko da ranar Juma'a za ku durƙusa gaban uwar mai shi.