Ruwan Tsamin Iya da Kwatar Siminti

A gidanmu na unguwar Guéma, a garin Parakou, kakarmu Iya koko take yi na sayarwa, ni kuma aikina zubar da ruwan tsamin gasara. Zamanin juyin juya hali ne, kowa ya koma kamarad, wato abokin gwagwarmaya. Delege, wato wakilin hukuma a unguwa, ya hana zuba ruwa a titi, sai Baba ya sa amininsa Sabi magini ya yi mana kwata ta siminti, har da dakali a ƙofar ɗaki.

Shekara ba ta zagayo ba kwatar ta zaizaye, tsakuwa ta fito fili. Baba mutum ne mai saurin fushi. Ya ce Sabi ya cika yashi ya cuce shi, ya daina amsa gaisuwarsa. Abin ya dame ni ƙwarai, don ina son Baba Sabi.

Bayan isha'i mukan kewaye murhun Iya. Ran nan ta ga Baba zaune a dakali, sai ta ɗaga murya ta fara tatsuniya.

"Ga ta nan tafe, mai kunne ya tare ta."

Wai wani dutse ne a bakin gari, mai fankama. Giwa ta yi ta turinsa, ko gezau. Wata tsohuwa mai koko kuwa kullum sai ta gaishe shi, ta zuba ruwan tsaminta a gindinsa. Da dutse ya ruguje, mutanen gari suka kama giwa da duka, don ita aka gani tana turi.

"To, tsohuwar fa, Iya?" na tambaya.

"Tana can tana damun kokonta. Ba ta ma san ita ce ba." Ta gyara itace, ta ce, "Wannan dakalin, wa ma ya gina shi? Na ga har yau sumul yake."

Baba ya shafa dakalin. Da safe na ga ya ɗauki goro ya nufi gidan Sabi. Daga ranar a rami nake zuba ruwan, bayan gida.

Sai da na girma wani ɗan'uwana mai aikin gini a Djougou ya gaya mini tsami yana cin siminti a hankali, ko na gasara ne, ko na rogo, ko na nono. Na yi dariya, don Iya ta riga shi. Har yau in wani abu ya lalace a gidana, kafin in nemi giwa, nakan duba abin da ni kaina nake zubawa kullum.