Ruwan Amsterdam

Ban taɓa mantawa da safiyar Alhamis ɗin da mudir, shugabanmu a ma'aikatar ruwa, ya leƙo ɗakin injin ya ce, "Ya Haruna, kashe. Ammi Idrisu ya rasu." Na kashe injin, na zauna a kan bututu.

Ku da kuka zo daga baya ba ku san shi ba, Allah ya jiƙansa. Ammi muke ce masa, wato baffa. Kafin a ja famfo zuwa gidajen Jidda, ɗan ga-ruwa ne a unguwar Ruwais, garwa biyu a sanda. Da kafaɗarsa ta gaji aka ba shi kula da bazan, wato wurin da motocin ruwa ke cika tanki. A ƙarƙashinsa na fara aiki. Dokarsa ɗaya ce: mota ba ta fita sai ya tara hannu ya kurɓa, don a lokacin gishiri kan shiga ruwan.

A farkon shekarun saba'in ma'aikata ta tura mu uku Holan koyon sabon injin. Da na je sallama, na tambaye shi tsarabar da yake so.

"An ce garin nan ruwa ne titinsa?"

"Haka aka ce, Ammi."

"To ɗanɗana mini, daɗi ne ko gishiri. Halas, tsarabata ke nan."

Ranar Lahadi aka kai mu yawon buɗe ido a Amsterdam, cikin jirgin ruwa mai rufin gilashi. Gidaje dogaye sirara sun jeru a bakin ruwa, gada bayan gada. Ba layi, ba garwa, ba ma mai kallon ruwan. Tagar kusa da ni a buɗe take, da na miƙa hannu da na taɓa. Sai na dubi Turawan da kyamarorinsu, ga ni cikin kwat ɗin aro. Na ji kunyar a gan ni ina kurɓar ruwan titi. Na ce sai an sauka. Da aka sauka, mota na jira, aka kaɗa mu ciki.

Ran da na koma aiki, a bakin ƙofa ya tare ni. "Ya waladi, ɗana, yaya?"

"Mai daɗi ne, Ammi."

Ya rufe ido ya ce, "Masha Allah. Ashe akwai." Kwana goma yana ba direbobi labarin garin da ruwan daɗi ke wucewa ta ƙofar kowa kyauta. In wani ya yi dariya sai ya ce, "Kai, yalla, ja motarka. Haruna da bakinsa ya sha." Na ƙudura zan gaya masa gaskiya bayan sallar Juma'a. Juma'ar ba ta same shi ba.

A aikin nan, mutane a kan maganarka suke sha. Abin da ba ka kurɓa ba, ka ce ba ka sani ba. Ni dai ban sake zuwa Turai ba har na ajiye aiki, kuma har yau ban san ɗanɗanon ruwan nan ba.