Gaisuwar da Ban Amsa wa Kawu Ba

Da aka ɗauke ni aikin shige da fice, na zaci hatimi da kujera za a miƙo mini. Sai aka yi mini aski ƙwal, aka zuba ni cikin kaki, aka kai mu wani fili a bayan Parakou muna ta buga ƙafa kamar masu kashe kiyashi. Wata uku ban ga fasfo ko na magani ba.

Wata Laraba muna fareti, sarjan ɗinmu ya daka mana "Gardabu!", wato a ƙame, kowa ya sandare. Sai ga kawuna, dillalin shanu, wanda ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina. Daga Djougou ya taso da kilishi a leda. Yadda ya wuce mai gadi ban sani ba, amma wanda ya iya sayar da saniya mai tari, ƙofa ba ta gagararsa.

Ya tsaya dab da hancina.

"Ɗana, ina kwana?"

A gardabu kuwa ba a motsi, balle magana.

"Ina gajiya? Ya baƙunta?"

Na kafe ido a kan wani mangwaro, kunya kamar ta kashe ni. A gidanmu ko maƙiyi ya gaishe ka sai ka amsa, balle kawu, wanda ni ya kamata in tsuguna masa.

Da ya ga haka, sai ya ƙanƙance murya ya shiga amsa wa kansa: "Lafiya lau, Kawu. Ba gajiya, Kawu. Ya mutan gida, Kawu?" Har shanu ya tambayi kansa, ya amsa. Sannan ya ajiye kilishin a kan takalmina ya juya.

Da yamma na tambayi sarjan amfanin wannan wulaƙanci. Ya ce, "Wata rana kawun nan naka zai zo maka iyaka da mutum ba takarda, ya ce namu ne. Yau ka fara koyo." Gaskiya ya faɗa, amma haushinsa na ji.

A Djougou kuwa labari ya bazu cewa gwamnati ta kulle mini baki. Da na je hutu, Inna ta ɗura mini rubutu kofi biyu. Na tuɓe takalmi, na tsuguna gaban kawu na ba shi haƙuri. Ya ce ya yafe, ai aiki ne.

Yanzu ya tsufa. Amma har yau in na shiga zaurensa, kafin in buɗe baki ya gaishe ni, ya amsa wa kansa da siririyar muryar nan. Bai sake jiran tawa ba.