Gwaggon Kawu Namata

Shekara talatin na yi a lakwal ina koya wa yara cewa daula ba ta kafuwa sai da hanya. Abin da littattafan suka manta su faɗa shi ne, hanya ma ba ta kafuwa sai da mai tura ƙasa. A nan Gaya kuwa, in ana maganar tura ƙasa, maganar ƙanen mahaifiyata ake, Kawu Namata, da tsohuwar katafilarsa da ya saya a gwanjo ya raɗa mata suna Gwaggo.

Kun san shi. Kowace safiya sai ya dafa ƙarfenta ya ce, "Fofo, Gwaggo, an kwana lafiya?" kafin ya gai da matarsa, Inna Hamsatu. Ta taɓa yi masa ƙorafi, ya ce, "Haba Hamsatu! Babba ake fara gaidawa."

Gwaggo ba ta san makulli ba. Wani ɗan moter na esansi, wato ƙaramin injin fetur, gare ta a gefe, shi ake ja da igiya, in ya kama sai ya tashi babban. Na ce masa, "Kawu, na zamani fa maɓalli kawai ake taɓawa."

"Mushe," in ji shi, wato malam da Faransanci, haka yake kirana in zai yi mini ba'a, "sarki yana tashi ba zagi? Abin da ya tashi da taɓawa ɗaya, da taɓawa ɗaya yake mutuwa."

Ba ya tura ƙasar da bai taka ba. Sai ya tuɓe takalmi ya bi wurin a hankali, kamar wanda allurarsa ta faɗi. Shekarar da kogi ya ɓalle madatsar gonakin shinkafa a wajen Tunuga, an kawo sabuwar katafila mai gilashi da sanyi a ciki. Direbanta ya ga tsoho ba takalmi, ya leƙo ya ce, "Baba, kifi ake nema?" Kawu ya ci gaba da taka ƙasarsa. Sabuwa ta shiga, ta lume har ciki. Gwaggo ce ta jawo ta, tana tari tana hayaƙi, ta kuma toshe ɓarakar kafin la'asar. Da zai wuce, Kawu ya ce wa direban, "Ga kifin nan na kama, ɗana. Babba ne."

Da ƙarfinsa ya ƙare, ya aje ta bayan gida, ya lulluɓe da tamfol, ya ɗaure tam. Nan fa masu saye suka yi ta sintiri, wasu daga Malanbil, wasu daga Kamba. Jikinta dai yanka za su yi, moter ɗin ne idonsu, don sun ce irinsa ya ƙare a duniya. Da wani ya matsa masa, Kawu ya ce masa, "Alhaji, kai nawa ka sayar da taka gwaggon?"

Ina aiki a Karakara lokacin. Duk hutun da na zo sai ya riƙe hannuna ya ce, "Mushe, kai ne mai ilimin gidan nan. In na mutu, kar ka bari su yanka ta." Na ɗauki alkawari, ban san nauyinsa ba.

Da ya rasu, ana gama sadakar arba'in 'ya'yansa suka zo da mai saye har da makanikensa. Ba na ganin laifinsu, ƙarfe ba ya cika rumbu. Na tsaya gaban tamfol na yi musu jawabi a kan amana, da tarihi, da haƙƙin magabata, jawabin da ko sufeton makarantu ban taɓa yi wa irinsa ba. Babbansu ya ce, "Yaya, mun ji. A dai bari ya duba."

Allah ya jiƙan Kawu Namata. Ya daidaita masa makwanci yadda ya daidaita wa mutane hanya, ya sa ƙasar da ya girmama ta yi masa sauƙi.

Makanike ya kwance igiya, ya ɗaga tamfol, ya leƙa, ya daɗe yana leƙe. Sannan ya juyo ya ce wa maigidansa su tafi.

Inna Hamsatu tana tankaɗe a bakin ɗaki, ko kai ba ta ɗaga ba. Ta ce, "Moter kuke nema? Ai marigayi ya ba manoman Tunuga. Shekara shida ke nan yana jawo musu ruwa."